Tambaya da Amsa: Wai da can ina suke, sai yanzu aka gan su?

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar dabbobi da tsirrai da ake cewa an gani a inda ba a taɓa sanin akwai su ba. Na tsinci guda shida, waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri dan Allah, da yawa tambayar ɗaya ce, faɗar ce kawai ta bambanta.

TAMBAYA (daga wani ɗalibi): Salam Malam, na ga wani labari wai an ga kura a ƙasar Masar karo na farko cikin shekara 5,000, abun ya ɗaure min kai wlh. To waye ya zauna yana ƙirga shekarun? Kuma ya akayi suka san ba ta taɓa leƙawa ba a tsakani?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Labarin gaskiya ne. A watan Fabrairun 2024 ne, can kudu maso gabashin Masar a yankin Elba, wajen kilomita 30 daga iyakar Sudan. Kurar ta kashe awaki biyu, mutanen wurin kuma makiyaya ne da suka san sawu, suka bi ta har suka cim mata suka kashe ta, aka ɗauki hoton gawar aka rubuta daidai inda abin ya faru, hoton ya kai hannun masana, daga nan ya zama labarin duniya. Masar dama tana da kura mai zane-zane, amma wannan mai dabbare-dabbaren jiki ce, kuma inda aka san iyakarta a Sudan yana da nisan wajen kilomita 500 daga wurin.

Shekara 5,000 ɗin ba wanda ya zauna da carbi yana ja. Kiyasi ne, tun lokacin da yankin yake da ciyawa da ruwa da manyan namun daji kafin ya bushe ya koma hamada, daga nan alamarta ta ɓace. Tambayarka ta biyu kuwa kai ka fi mai labarin gaskiya, ba wanda zai iya rantsuwa cewa a tsakani wata ba ta taɓa shiga ta ci akuya ta koma ba. Abin da masana suke nufi in sun ce karo na farko shine karo na farko da aka samu shaida, wato hoto ko gawa ko fata ko ƙashi, haɗe da rana da wuri. Shikenan. Ƴan jarida ne suke yanke wannan wutsiyar saboda kanun labari ya yi daɗi.

Amma dai ruwa ba ya tsami banza, masu binciken sun duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru da dama suka ga a ƴan shekarun baya yankin ya ƙara samun ruwan sama da kore, makiyaya sun ƙara sakin dabbobi a wurin, kaga hanya ta buɗe mata kenan, ga abinci ga inuwa.

TAMBAYA (daga wata malamar firamare): Malam barka da aiki. Ɗalibaina sun tambaye ni bambancin a ce an gano sabuwar dabba da a ce an ga dabba a sabon wuri, na ɗan yi kame-kame gaskiya. A taimaka min.

AMSA: Malama barka kadai, kuma yaran nan naki sun iya tambaya. Sabon jinsi shine wanda masana ba su taɓa bayyana shi sun ba shi suna ba a ko'ina a duniya. Sabon wuri kuma jinsin sananne ne, yana da suna yana cikin littafi, taswirarsa ce kawai ba ta kai nan ba. Na biyun ya fi yawa nesa ba kusa ba, kullum ana samu, sai dai ba ya shiga labarai sosai.

Ki ba su labarin wani kifi da ake kira silakant, dan shi kaɗai ya haɗa duka biyun. Masana sun san shi ne ta ƙasusuwansa da suka daskare a cikin duwatsu kawai, sun ɗauka ya ƙare tun wajen shekara miliyan 66 da suka wuce. Ranar 22 ga Disamba 1938 wani jirgin kamun kifi ya dawo tashar East London a Afirka ta Kudu, aka kira wata matashiya mai kula da ɗan gidan tarihin garin, Marjorie Courtenay-Latimer, ta zo ta duba ko akwai abin da take so cikin tarkacen da koma ta kwaso. Tana tona tulin sai ta ga wani shuɗin kifi mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi, ɓawon jikinsa kauri kamar sulke, fukafukansa kuma da nama da ƙashi kamar gaɓoɓi. Da ƙyar mai tasi ya yarda ya ɗauka saboda ƙarni, ta nemi ɗakin sanyi aka hana ta, dole ta kai wa mai cusa fata, wato mai busar da fatar dabba ya cika ta dan a ajiye, kayan cikin suka ruɓe aka zubar, ta zana hotonsa da hannu ta aika wa wani masanin kifi J.L.B. Smith, shi kuma da ya gani kusan ya kasa barci. Aka sa wa kifin sunanta, Latimeria. Sai da aka yi shekara 14 ana nema kafin a samu na biyu a 1952 a tsibiran Komoros, kuma abin dariyar masuntan can sun san shi sarai, suna da sunan da suke kiransa, yakan faɗo musu a ƙugiya lokaci-lokaci.

To an zauna a kan cewa gidansa yammacin tekun Indiya ne. Sai a 1997 wani masanin halittun ruwa Mark Erdmann da amaryarsa suna zaga kasuwar kifi a Manado ta ƙasar Indonesiya, ita ce ma ta fara hango shi ana tura shi a amalanke, suka ɗauki hoto amma ba su saya ba, aka tafi da shi. Wajen kilomita 10,000 fa daga Komoros. Da farko kowa ya ce an ga silakant a sabon wuri, a 1998 aka kamo wani da rai, shi launinsa ƙasa-ƙasa ne ba shuɗi ba, da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta sai ga shi jinsi ne daban, aka ba shi nasa sunan a 1999. Kin ga abin da aka fara da sabon wuri ya ƙare a sabon jinsi.

Ni abin da nake so yaran su riƙe, taswirar da ke littafi tana nuna inda masu bincike suka taka ne, ba lallai inda dabbar ta tsaya ba. Dajin da ke kan dutsen Mabu a Mozambik sai a 2005 wani masani ya hango shi a Google Earth, aka je a 2008 aka yi ta samun hawainiya da maciji da malam-buɗe-littafi da ba a taɓa rubutawa ba, alhali mutanen gindin dutsen a cikinsa suka ɓuya lokacin yaƙin basasa. Okapi ma, dangin raƙumin dawa da ke dajin Kongo, Turawa sun rubuta shi a 1901 amma maharban dajin sun gaji saninsa kaka da kakanni. Jinsunan da aka ba suna zuwa yau wajen miliyan 2 ne, wani ƙiyasi na 2011 kuma ya ce waɗanda ke akwai za su kai miliyan 8.7. Wasu ma an riga an tsinko su suna kwance a durowar gidajen tarihi ba mai dubawa, wani bincike na 2012 ya nuna a matsakaici samfuri yakan yi shekara 21 a ajiye kafin a waiwaye shi a ba shi suna, saboda masu aikin sun yi kaɗan.

TAMBAYA (daga wani mai karatu): Wai da gaske ne balbela da kanta ta tsallaka teku ta je Amurka? Ni dai ban yarda ba, ina ga wani ne ya kai ta a jirgi.

AMSA: Da gaske ne Malam, fukafukanta ne suka kai ta. An fara ganinta a Kudancin Amurka a 1877 wajen iyakar Guyana da Suriname, zuwa shekarun 1930 ta kafu tana hayayyafa, a 1941 aka gan ta a Arewacin Amurka kuma waɗanda suka fara ganin ma an ƙaryata su an ce ta kuɓuce ne daga keji, a 1953 aka samu sheƙarta a Florida, 1962 ta yi ƙwai a Kanada. Tsakanin Afirka da Brazil a inda tekun Atlantika ya fi tsukewa kusan kilomita 3,000 ne, kuma iskar wurin daga gabas take kaɗawa zuwa yamma, wato tana tura tsuntsu ta baya. Ƙila ma ta sha tsallakawa tun da can ba ta samu wurin zama ba, sai da aka sare dazuka aka zuba shanu, ita kuma abinda take nema kenan, ta bi garke tana tsintar farin da ƙafafunsu ke tayarwa.

Amma kar ka haɗa wannan da tsuntsu ɗaya da ya yi ɓatan kai. Akwai wata ƙatuwar mikiya ta gabashin Rasha da Japan, mai farin kafaɗa da rawayan baki, guda ɗaya tal ta bayyana a Alaska a 2020, a 2021 aka gan ta a gabashin Kanada, ƙarshen shekarar tana Massachusetts da Maine, mutane suna ta tururuwa da kyamarori cikin sanyi. An rubuta ta a yawancin waɗannan wuraren karo na farko, to amma ita kaɗai ce ba miji ba mata. Sai an ga sheƙa da ƴaƴa shekara bayan shekara sannan ake cewa jinsi ya faɗaɗa mazauninsa.

TAMBAYA (daga wata ma'aikaciyar lafiya): Malam ni a tunanina duk sanda aka ce an samu wata halitta a sabon wuri abin murna ne, yana nuna duniya na da albarka. Amma wani abokin aikina yace ba haka bane. Waye mai gaskiya?

AMSA: Hajiya abokin aikinki ya fi kusa da gaskiya, kuma misalin yana cikin aikinku. Dalili uku ne ke sa a ga abu a inda ba a san shi ba, ko dama yana nan ba a duba ba, ko ya zo da ƙafarsa saboda yanayi ya canza, ko kuma mu muka kawo shi da saninmu ko ba da saninmu ba. Na farko abin murna ne. Na biyu sai a tsaya a tambaya me ya canza. Na ukun nan shine yake yawan zama masifa.

Akwai wani sauro, Anopheles stephensi, asalinsa kudancin Asiya da yankin Larabawa. A 2012 aka fara kama shi a Jibuti, a lokacin ƙasar ta kusa rabuwa da zazzaɓin cizon sauro baki ɗaya, mutum 27 kacal aka rubuta sun kamu a shekarar, zuwa 2020 adadin ya haura 73,000. Aka same shi a Habasha da Sudan a 2016, Somaliya 2019, Najeriya 2020, Ghana da Kenya 2022. Matsalarsa ba kamar sauran dangin nasa bane masu jiran kududdufin damina a ƙauye, shi ɗan birni ne, tankin ruwa da randa da tsohuwar taya da ramin ruwan masu gini duk sun ishe shi, ko da rani bai damu ba, ga shi kuma yana jure magungunan feshi da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kansa a 2019. Wanda ya fara ɗora wannan sauron a madubin ƙara girma ya ce a'a wannan ba namu bane, aikin da ya yi ba ƙarami bane, duk da ba wanda zai tafa masa.

Haka tsutsar nan mai cinye masara, daga nahiyar Amurka ta fito, farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka ta Yamma, 2018 tana Indiya, 2019 Sin, 2020 Ostireliya. A ruwa ma haka, tun da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 ɗaruruwan halittun Bahar Maliya suka yi ta kwarara Bahar Rum, ciki har da wani kifi mai kumbura ciki da aka fara rubutawa a gaɓar Turkiyya a 2003, namansa dafi ne mai kisa, haƙoransa kuma suna yayyaga komar masunta. A irin wannan, rahoton farko ƙararrawa ce, kuma in an ji ta da wuri ne kawai ake da damar tare abu, in ya bazu sai dai a koyi zama da shi.

TAMBAYA (daga wani dattijo): Yaro, ina bin filin nan naka. Su waɗannan masana ba sa ƙarya ne? In mutum ya ce ya ga tsuntsu kaza a wuri kaza wa zai ƙaryata shi?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, ana yi mana, har manya sun yi. A Ingila tsakanin 1892 da 1930 an yi ta kawo gawarwakin baƙin tsuntsaye ana cewa a kewayen garin Hastings aka harbo su, ana shigar da su littafi, sai a 1962 wasu suka zauna da lissafi suka nuna ba yadda za a yi ɗan yanki ɗaya ya fi sauran ƙasar samun baƙin tsuntsaye haka, aka soke rahoto 595 a lokaci guda. Zargin da ake yi shine daga waje ake shigo da su cikin ƙanƙara a jirgin ruwa a sayar wa masu tarawa.

Wanda ya fi ɓata min rai shine na Richard Meinertzhagen, hafsan sojan Birtaniya kuma sanannen masanin tsuntsaye. Bayan mutuwarsa aka gano yana satar tsuntsayen da wasu suka tara a gidan tarihi, ya sake musu cusa, ya canza takardar da ke ɗaure a ƙafarsu ya rubuta wani wuri da wata rana. Akwai wata ƙaramar mujiya ta Indiya da rabon da a gan ta tun 1884, shi ya ce ya samo ta a Gujarat a 1914, masu nema suka yi ta ɓata lokaci a can. Wata masaniya Pamela Rasmussen ta bi diddigi har da hoton ƙashi, ta tabbatar na sata ne, ta koma wuraren da aka samo na gaskiyar, a 1997 sai ga mujiyar da ranta a Maharashtra bayan shekara 113. Ƙarya ɗaya a ƴar takarda ta karkatar da nema na shekaru.

Shi ya sa yanzu ba a karɓar na gani da baki. Ƙasashe da yawa suna da kwamitin da ke tantance rahoton baƙin tsuntsaye, tsiro kuma sai an busar da samfuri an ajiye a ma'ajiyar tsirrai inda kowa zai iya zuwa ya duba ya ce ka yi kuskure. Kuma Baba gaskiya kuskuren ya fi ƙaryar yawa, mutum ya ga abu daga nesa da magariba zuciyarsa ta ƙarasa masa sauran.

TAMBAYA (daga wata matashiya): Yaya ni ba masaniya bace, waya kawai gareni, amma ina son ɗaukar hoton furanni da ƙwari. In na ga wani abu da ban taɓa gani ba ya zanyi? Ko sai mai digiri?

AMSA: Ƙanwata wayar nan taki ta isa, digiri na masu tantancewa ne ba na masu gani ba. A Brazil wani mai yawon duwatsu ya sa hoton wani tsiro mai cin ƙwari a Facebook, wani masani ya ci karo da hoton ya ga bai san shi ba, suka hau dutsen a jihar Minas Gerais suka same shi, tsayinsa yana kai mita ɗaya da rabi, a 2015 aka ba shi suna Drosera magnifica.

Abin da ke kashe yawancin hotuna shine mutum ya ɗauki furen kawai dan ya yi kyau. Ki ɗauki furen ta sama da ta gefe, ganyen ciki da bai, yadda ganyen ya manne a kara, ƴaƴan in akwai, sannan ki ja baya ki ɗauki tsiron gaba ɗaya da wurin da ya fito, ki ajiye biro ko yatsanki a gefe dan a gane girma. Ƙwaro kuma baya da gefe da kai, ko hoton bai yi kyau ba kar ki goge. Ki kunna alamar wuri a kyamarar wayar dan rana da wurin su shiga cikin hoton, in babu su hoton ado ne kawai. Daga nan ki ɗora a iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotunan halittu dan a tantance su, ko eBird in tsuntsu ne, amma sunan da manhajar ta fara ba ki kar ki ɗauke shi wahayi, tana yawan ba da sunan wani mai kama da shi na wata nahiya, ki jira mutane su duba. In suka ce abin baƙo ne a yankin sai ki nemi sashen nazarin tsirrai ko dabbobi na jami'a mafi kusa. Kar ki tumɓuke, in guda ɗaya ne ma ko ganye kar ki cira, maciji da kunama kuwa daga nesa dan Allah.

Sai abu na ƙarshe wanda mutane ba sa kawowa a rai, ba kowane abu ake faɗin inda yake ba. Wata kififiya mai dogon wuya ta tsibirin Roti a Indonesiya an ba ta suna a 1994, ƴan kasuwar dabbobin ado suka karanta suka je suka kwashe kusan duka cikin ƴan shekaru, wata tsaka ta kogunan dutse a kudancin Sin da aka bayyana a 1999 ita ma haka aka yi mata a wurin da aka fara samunta. Bishiyar Wollemi da wani ma'aikacin gandun daji David Noble ya gano a 1994 a wani kwazazzabo kusa da Sidni a Ostireliya, manyanta ba su kai 100 ba, har yau gwamnatin can ba ta faɗin wurin, duk da haka a 2005 aka samu wata cutar saiwa a jikinsu wadda ake kyautata zaton masu shiga a ɓoye ne suka kai ta a takalmi. iNaturalist tana ɓoye ainihin wurin jinsunan da ke cikin haɗari da kanta, amma sabon abu ba ya cikin jerinta tukuna, dan haka in kin ga alamar abin ba kasafai ake samunsa ba ki danna ɓoye wuri da hannunki kafin ki ɗora, ainihin wurin kuma ki ba masanin da zai je dubawa shi kaɗai.